Abincin Firiza na Kanti ko Girkin Gida: Wanne Ya Dace da Mai Lissafin Kalori?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina zaune a Kubwa, ina aiki a Sakatariyar Tarayya. Nakan bar gida kafin ƙarfe shida da rabi na safe, ba na dawowa sai bayan magariba. Likita ya ce jinina ya fara hawa, ya shawarce ni in rage ƙiba, har na fara lissafin kalori, wato awon kuzarin da abinci ke ba jiki. Wata abokiyar aikina ta ce in riƙa sayen dafaffen abincin firiza na manyan kantuna tunda an rubuta kalorinsa a jikin kwali, wata kuma ta ce in riƙa girki mai yawa ranar Asabar ina zubawa a firiza. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma kawo sauƙi. Abokan aikin naki duka suna da gaskiya, sai dai kowaccensu gefe ɗaya ta riƙe. Abin da zan faɗa miki kai tsaye shi ne, ga mace irinki da hawan jini ya fara yi wa sallama, girkin gida da aka auna aka raba a robobi ya fi dafaffen abincin kanti, amma kuma abincin kanti mai rubutaccen kalori ya fi girkin gidan da aka zuba wa mai da ido, aka kuma ɗiba da ido. Firiza ba ta ƙara wa abinci kalori, ba ta kuma rage masa. Abin da ya shiga shi zai fito. Don haka maganar duka ta tattara ne a kan awo.

Ya kamata mu fara fayyace abin da ake nufi da abincin firiza na kanti a nan Abuja, domin yawancin abin da ake karantawa a intanet kan wannan batu an rubuta shi ne don mutanen Amurka da Ingila. A Amurka dafaffen abinci daskararre ya shiga gidaje tun shekarun 1950, lokacin da kamfanin Swanson ya fara sayar da cikakken abincin dare a faranti mai gida-gida, sannan a 1981 aka fito da Lean Cuisine, wanda aka shirya musamman don masu son rage ƙiba. Mutum a can yana iya cika firizarsa da abincin mako guda ba tare da aljihunsa ya girgiza ba. A nan kuwa, idan kika zagaya manyan kantunan Wuse II da Jabi da Maitama, irin wannan cikakken abinci mai bayani a jikin kwali ba shi da yawa, wanda ake samu galibi daga waje aka shigo da shi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka fi ƙarfin mai albashi ya mayar da su cimar kullum. Abin da ya cika firizojin kantunanmu shi ne sosej, da niƙaƙƙen naman kaza da aka lulluɓe da fulawa, da samosa, da yankakken dankalin da aka riga aka yi wa suyar farko. Kusan duka sai an sake tsoma su a mai kafin a ci, don haka ki cire su daga lissafi tun yanzu. Dafaffen dankalin turawa giram 100 bai kai kalori 90 ba, amma soyayye ya haura 300. Akwai kuma kashi na uku, wanda shi ne ya fi shiga gidajen ma'aikata, wato miya da dafa-duka da farfesu da masu sana'ar girki suke sayarwa lita-lita ta WhatsApp da Instagram, a saya a jefa a firiza. Zan dawo kansu.

Alfanun abincin kwali guda ɗaya ne, amma babba ne: yana rufe ƙofar ƙari. Idan kin cinye abin da ke cikin farantin, babu tukunya a kan murhu da za ki koma ki ƙaro ludayi ɗaya. Kada ki raina wannan. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma a kasuwar hatsi haka ne, sai dai a sha'anin kalori ido ba ya sanin ƙima ko kaɗan. A 1992 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a kan mutanen da suka ce ba sa cin fiye da kalori 1,200 a rana amma nauyinsu ya ƙi sauka. Da aka auna ainihin abin da suke ci, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza gaskiya da kashi 47 cikin ɗari. Ba ƙarya suka yi da gangan ba. Haka ƙiyasin ɗan Adam yake, kuma ina ganin irinsa kusan kowane mako a wurin aiki, musamman ga mata masu ɗanɗana miya a tsaye da ƙarasa ragowar abincin yara. Shi ma rubutun kwali ba tsarkakakke ba ne. Masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun auna daskararrun abincin kanti a 2010, suka samu kalorinsu ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 8 cikin ɗari a matsakaici, na gidajen cin abinci kuwa da kashi 18. Wato wanda aka rubuta wa 350 yana iya zama kusan 380. Duk da haka, kuskuren kashi 8 ya fi kuskuren kashi 47 sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a nan abokiyar aikinki ta farko take da hujja.

Inda hujjar tata take raunana shi ne wajen ƙoshi da gishiri. Yawancin waɗannan abinci ana kai su ga ƙarancin kalori ne ta hanyar rage girmansu, sai ki ga faranti mai kalori 300 wanda bai cika tafin hannu biyu ba. Binciken Farfesa Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pensilbaniya ya daɗe yana nuna cewa cikar ciki ta fi bin nauyi da girman abinci fiye da yawan kalorinsa, wato mutane sukan ci kusan nauyin abinci iri ɗaya kowace rana, ko kalorinsa na da yawa ko kaɗan. Wadda ta taso daga Sakatariya ta sha cunkoson hanyar Kubwa, ta ci ɗan farantin nan da ƙarfe bakwai da rabi, zuwa ƙarfe tara za ta nemi burodi da shayi mai madara da suga, ko kwalbar lemo ta rabin lita mai kalori kusan 200, kuma wannan ƙarin ba ya shiga littafin lissafi.

Gishirin kuwa ya fi shafarki kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, wanda ya yi daidai da miligiram 2,000 na sinadarin sodiyam. Ba abin mamaki ba ne a ga dafaffen abincin kwali guda ɗaya yana ɗauke da miligiram 600 zuwa 900, wato sulusin rabon yini ko fiye a ɗan abincin da bai ƙosar ba, domin gishiri shi ne hanya mafi arha ta dawo da ɗanɗanon da rage mai ya tafi da shi.

Akwai wani bincike kuma da nake ganin ya kamata duk mai lissafin kalori ya sani. A 2019 Dakta Kevin Hall na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasar Amurka ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa matuƙa, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, an daidaita suga da mai da sauran sinadaran da aka gabatar musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma suka rage kusan kilo ɗaya. An lura cewa sun fi cin abincin masana'antar da sauri, kafin jiki ya aika saƙon ƙoshi. Wannan ba yana nufin duk abin da ya fito daga firizar kanti abin gudu ba ne. Daskararren kifi, da ɗanyen naman kaza, da koren wake da karas da aka daskarar ba tare da ƙarin komai ba, duk ɗanyen kaya ne, kuma kayan lambun da aka daskarar jim kaɗan bayan girbi ba su gaza waɗanda suka kwana uku a rana a kasuwa ba.

Idan har za ki sayi na kwali, ki juya bayansa ki karanta a natse. Ki duba ko kalorin da aka rubuta na giram 100 ne, ko na kaso ɗaya, ko na kwalin gaba ɗaya, domin sau da yawa kwali ɗaya kaso biyu ne a lissafin kamfani, mai saye kuma ya cinye shi a zama guda. Kayan Turai da na Afirka ta Kudu sukan rubuta kilojul, mai alamar kJ. Ki raba adadin da 4.2 ki sami kalori. Idan sodiyam aka rubuta, ki ninka shi sau biyu da rabi ki sami gishiri. Ki nemi wanda furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, ya kai giram 20, ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, sannan ki karanta jerin kayan haɗi saboda halacci, tunda wasu abincin waje suna ɗauke da naman alade ko giyar girki.

Su kuwa masu sayar da miya lita-lita, ba na zarginsu da komai, sana'a suke yi ta halal kuma da yawansu suna da tsafta. Amma mai sana'a da ɗanɗano take riƙe masu saye, kuma ɗanɗanon da ke dawo da mai saye yana fitowa ne daga mai da dunƙulen magi da agushi. Ga shi babu rubutu a jikin robar. Wannan kashi shi ne mafi wahala ga mai lissafi, domin ya haɗa rashin awon gida da rashin ikon da mai saye yake da shi a kan tukunyar wani. Mafita ɗaya da na ga tana aiki ita ce ki yi magana da mai girkin, ki ce ta yi miki tukunyarki daban da adadin man da kika faɗa, a cire fatar kaza, a rage magi. Da yawa suna yarda idan odar tana da ɗan yawa.

Yanzu mu shiga madafin gida, inda nake so mu daɗe, domin a nan ake cin riba kuma a nan ake faɗuwa. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. Babban cokalin cin abinci guda na mai kalori 120 ne, ko manja ne, ko man gyaɗa, ko man zaitun mai tsada. Bambancinsu yana wajen lafiyar zuciya, amma a kalori kusan kansu ɗaya. Mu kuwa mun taso a al'adar da ake auna kyan miya da man da ya taso a samanta, har karin maganarmu ta ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Ɗauki tukunyar miyar dage-dage da za a raba gida goma. Idan aka zuba mata kofi ɗaya na mai, wato mililita 250, kalori sama da 2,000 ne suka shiga kafin a saka nama ko a dafa shinkafa, kowane kaso ya tashi da 200 na mai zalla. Idan kuwa cokali biyar aka zuba, jimillar 600 ce, kowane kaso 60. Bambancin 140 ke nan a ci ɗaya, kusan 300 a rana ga mai cin miya rana da dare, ba tare da an rage ko loma ɗaya daga girman abincin ba. Wannan kaɗai ya haura rabin kalori 500 da ake so ki rage a yini. Haka gyaɗa, giram 100 nata ya kai kalori 570, agushi ma yana nan kusa da haka, don haka miyar taushe da miyar agushi suna buƙatar sikeli kamar yadda mai yake buƙatar cokali.

Za ki ce miya ba ta soyuwa da cokali biyar. Tana yi, idan aka sauya tsari. Ki dafa markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu da albasa shi kaɗai har ruwansa ya tsotse, tsaminsa ya mutu, sannan ki zuba ɗan man a ƙarshe ki juya na mintuna kaɗan. Romon nama kuma ki bar shi ya huce a firij, kitsen zai daskare a sama ki kwashe shi da cokali. Idan maigida da yara sun saba da miya mai maiƙo, ba sai an yi rigima a kan tukunya ba: ki ɗebi rabonki kafin a ƙara musu nasu man.

Lissafin tukunya bai kai wahalar da ake zato ba. Abin da kike buƙata shi ne ƙaramin sikelin madafi mai batir, da cokalin awo, da robobi masu girma ɗaya. Abubuwa huɗu kawai za ki auna tun suna ɗanye, wato mai, da hatsi ko gari, da nama ko kifi, da gyaɗa ko agushi. Ganye da tumatir da albasa kalorinsu kaɗan ne, ki yi musu ƙiyasi guda. Ki tara jimilla, ki raba da yawan robobin. Ɗanyar shinkafa da garin masara kowanne giram 100 kimanin kalori 360 ne, busasshen wake kimanin 340. Idan kika tuƙa tuwo da gari giram 500, kalori 1,800 ke cikin tukunyar, idan kika kwashe malmala takwas daidai wa daida kowacce 225 ce. Da ma kalmar malmala ba awo ba ce, ta wani gidan ta ninka ta wani gidan sau biyu, shi ya sa ba na karɓar "malmala ɗaya kawai nake ci" sai na ga nauyinta. Ga misalin roba guda ta abincin rana: dafaffiyar shinkafa giram 120, kalori kusan 155, dafaffen wake giram 80, kusan 95, tsokar kaza marar fata giram 100, kusan 165, miyar alayyafo mai ɗan mai, kusan 100. Jimilla ta ɗan haura 500, furotin ɗinta ya wuce giram 35, nauyinta kuma ya kusa rabin kilo, abin da zai riƙe ki har magariba. Sau ɗaya ake wannan lissafi ga kowane girki, a rubuta a littafi, daga nan sai maimaici.

Ki ba ganye wuri mai faɗi a kowace roba, domin shi ne ke cika ciki da kalori kaɗan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. A wannan fanni mun fi masu abincin kwali gata: ga alayyafo, zogale, rama, yakuwa, kabewa da kuɓewa, ga kabeji da karas da koren wake da ake saukewa daga Jos, kuma kasuwar Dei-Dei ba ta da nisa da ke. Ganyen da za a daskarar shi kaɗai, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti biyu, a tsame a sanyaya, a matse, sannan a ƙulla. Hakan yana riƙe launinsa da ɗanɗanonsa.

Ba kowane abinci ne ke jure firiza ba. Miyar dage-dage, da ta taushe, da farfesu, da dafaffen wake, da alale, da dafa-duka, da gasasshiyar kaza duk suna fitowa lafiya. Dafaffen dankalin turawa yakan yi ruwa, dafaffen ƙwai ya yi tauri, latas da kokwamba kuwa su lalace gaba ɗaya. Tuwo yana farfashewa bayan ya narke, sai dai a yi masa ɗumame, don haka na fi son a ƙulla garin da aka auna a leda-leda, a tuƙa sabo, tunda malmala ɗaya ba ta cin minti goma sha biyar. Miyar kuka ma gara ki daskarar da romon da aka haɗa da daddawa da kayan ƙamshi, ranar ci ki tafasa ki kaɗa kukar.

A kan gishiri dole in yi adalci, domin girkin gida ba ya tsira don kawai na gida ne. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma akwai tukunyar da ake jefa wa shida ko takwas, sannan a ƙara gishiri a kai, ga kanwa wadda ita ma sodiyam ce. Irin wannan miya tana iya zarce ta kwali. Fifikon gida shi ne ragewar tana hannunki. Ki rage rabin magin, ki cike gurbin da daddawa da citta da tafarnuwa da masoro da albasa da kifi banda. Makonnin farko za ki ji salam, amma harshe yana sabawa, har ki zo kina jin gishirin abincin biki ya yi miki yawa.

Sai maganar wuta, wadda a ƙasarmu ita ce ke yanke hukunci a kan duk wani tsarin firiza. Ana so firiza ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da su kawai yake yi, kuma suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60. Don haka abinci ya shiga sanyi cikin awa biyu da saukewa, a robobi marasa zurfi don ya huce da wuri, ba a bar babbar tukunya ta kwana a kan murhu ba. Shinkafa ta fi buƙatar kulawa, saboda akwai ƙwayar cutar da ake kira Bacillus cereus wadda ƙwayayenta ke tsallake dahuwa, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai su fitar da gubar da ɗumame ba ya kashewa. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kimanin awa 48 bayan an ɗauke wuta, wadda take rabi kuwa kimanin awa 24, don haka ki cike gurabe da gorunan ruwa, kuma mai buɗewa ta sama ta fi mai ƙofar gefe riƙe sanyi. Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi ki ɗora tsabar kuɗi a kan ƙanƙarar. Ranar da kika dawo aiki kika tarar kuɗin ya nutse ƙasa, kin san kayan sun narke sun sake daskarewa a bayanki. Abincin da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi, wanda ya narke ya bar sanyi fiye da awa biyu kuwa a zubar, ko da bai yi wari ba. Masu rukunin Band A, wato masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, su ne aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Idan layinku ba ya cikinsu kuma babu sola ko janareta, kada ki yi girkin wata guda, ki yi na kwana uku sau biyu a mako. Wannan matsala ba ta bar abincin kanti ba, sai ma ta fi ɓuya a can, domin ba ki san sau nawa ya narke tsakanin tashar jirgin ruwa da firizar kanti ba. Kwalin da ya jiƙe ya bushe, ko ledar da kayan cikinta suka dunƙule wuri ɗaya da ƙanƙara mai yawa, ki ajiye musu abinsu.

Kowace roba ki manna mata takarda mai sunan abinci da kwanan wata da kalori, ki bar ɗan fili a sama saboda ruwa yana kumbura idan ya daskare, ki kuma cinye cikin wata biyu zuwa uku. Ta gobe ki sauko da ita firij tun dare. Wajen ɗumamawa ki juye a faranti ko tukunya maimakon siririyar robar sayar da abinci, ya yi zafi har tsakiya yana tururi, kuma sau ɗaya ake ɗumama shi.

Mace mai aikin zama galibi tana buƙatar kalori 1,800 zuwa 2,000 a rana, gwargwadon tsayinta da nauyinta da shekarunta. Rage 500 daga ciki yakan saukar da kimanin rabin kilo a mako da farko, daga baya saukar ta yi sanyi, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce, jiki ne ya ƙanƙance buƙatarsa ta ragu. Kada ki sauka ƙasa da 1,200 sai da kulawar likita. Bincike ya nuna kowane kilo ɗaya da aka rage yana saukar da awon jini da kusan maki ɗaya, amma idan an ɗora ki a kan magani kada ki daina don kin ga sauƙi, likitanki ne zai rage shi. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin saukar da suga, lissafinsu daban ne, sai sun zauna da likita.

Abincin kwali yana da ranarsa: makon da aiki ya hana ki girkin Asabar, ko lokacin da kika dawo daga tafiya firiza babu komai. A irin wannan rana ya fi ki tsaya a hanya ki sayi soyayyar kaza da dankali, muddin kin zaɓi mai ƙarancin sodiyam kin kuma haɗa shi da kwanon kabeji da karas ko dafaffen zogale don ya ƙosar. Amma tushen tsarinki ya zama tukunyarki. Asabar mai zuwa ki fara da miya kala biyu, da wake, da kaza ko kifi, ki cika robobi goma, biyar na rana da za ki tafi da su ofis, biyar na dare. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ki rubuta tare da awon jininki don ki nuna wa likita. Idan bayan mako biyu kina jin yunwa tsakanin abinci, ki ƙara ganye da wake a robar, shinkafar da man su tsaya yadda suke; idan kuma mako uku suka wuce nauyi bai motsa ba, kafin ki rage abincin robobi ki fara rubuta abin da ke shiga baki a wajensu, tun daga shayin ofis da cincin har zuwa lemon taron biki.